Hannun Cindo

An kira ni Fagge da hantsin Talata,
bayan ruwan da ya kwana biyu bai ɗauke ba,
wai kantin Barau Mai Sikeli ya tsage ta gabas,
in zo in duba.

Na san kantin tun ina miƙa wa babana kwaɓi.
Soro biyu a ƙasa, bene guda a sama,
zanko huɗu, ɗaya ya karye a wuya,
indararo ya ci tsatsa ya sunkuya,
ga dakalin da buhunan gyaɗa suka goga
har yau yana sheƙi in rana ta karkata.
Yanzu mai cajin waya ne a soron dama,
na hagu Tabawa ce, da zare da maɓalli da allura.

Na kara kunne, na ƙwanƙwasa.
Bango ya amsa kamar tulun da babu ruwa.
Wani mai son gwaninta, shekara talatin baya,
ya ɗinka masa rigar siminti,
bai san ƙasa tana numfashi ba.
Damina ta shiga, ta rasa ƙofar fita,
ta zauna ciki tana cin tubali a ɓoye.

Magada bakwai suka tsaya a rana.
Babbansu ya ce, Malam Ilu, tsakani da Allah,
gyara ko rusawa? Akwai mai kuɗi a Kwari,
ya ce kafin azumi zai tsayar da hawa uku,
shago arba'in, gilashi da tayil, kowa da rabonsa.
Ban ga laifinsa ba, yana da 'ya'ya a makaranta.
Na ce a ba ni kwana uku da tsani da guduma.

Na ɓamɓare simintin sannu, kamar ɓawon gyambo.
Ƙarƙashinsa makuba na nan, ba ta saki ba.
Azara kuwa giginya ce,
gara ta gwada haƙori ta haƙura.
A jikinta an ja gawayi, biyar-biyar,
lissafin buhunan wata kaka
da ba sauran mai tuna farashinta.
Bakan gizo huɗu sun haɗu a tsaka,
da 'yar tasa a cibiya, fentinta ya koɗe,
suna riƙe da bene ba ƙarfe, ba ƙusa.

Ran na uku, la'asar sakaliya,
can inda tsani ke ƙarewa,
wani ɓawo ya faɗo, sai ga hannu,
an danna shi tun yaɓe yana ɗanye.
Na ƙirga yatsu. Na goge ido na sake.
Shida.

Babana ya sha cewa Cindo ne ya gina shi,
ni ko na ɗauka hirar magina ce a bakin kwaɓi.
Na sa tafina a cikin nasa.
Biyar suka shige daram,
gurbi guda ya rage yana kallona.

Na kira su, suka hau ɗaya bayan ɗaya.
Autarsu Uwani ta ɗauki hoto da waya.
Babban ya daɗe a sama, tsani har yana rawa.
Da ya sauko ya kaɗe rigarsa,
bai ce a bari ba, bai ce a rusa ba,
sai ya ce, nawa ne tifar jar ƙasa yanzu?

Ban san ko mai kuɗin zai dawo ba.
Na dai jiƙa ƙasa da ciyawa, sai ta kwana bakwai.
Yaron da ke taka mini ita ya ce,
Baba, mu sa siminti mana, mu huta.
Na ce taka, ɗana, akwai sauran gudaji.
In mun zo yaɓe zan ɗora ka a tsani,
can sama akwai wurin da ba za mu shafe ba.